Makewayin Gida da Ajiyar Kayansa a Ƙauyukan Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu



Sanin kowa ne cewa idan magidanci ya sami 'yan kuɗi ya ɗaura niyyar gyaran gida, zaure yake fara dubawa, sannan ɗakin uwargida, sannan katangar da ke kallon hanya. Makewayi shi ne na ƙarshe, in ma an tuna da shi, kuma galibi da ragowar bulo da ragowar siminti ake sallamarsa. Alhali kuwa babu ɗakin da kowa da kowa ke shiga sau da yawa a yini kamarsa, tun daga yaro mai tatata har zuwa tsohuwa mai dogara sanda, kuma tsarkin da salla ke tsayuwa a kansa a nan yake farawa. Wuri ne ɗan ƙarami da ake ɗora wa kaya jingim: buta, bokiti, baho, moɗa, soso, sabulu, jarkar ruwa, tsintsiya, zanen ɗaurawa, da tarkacen mata waɗanda ba a son idon baƙo ya gani. A wannan fitowa za mu duba yadda za a sama wa waɗannan kaya mazauni, amma za mu ɗauki misalinmu daga nesa, wato daga 'yan'uwanmu mazauna ƙasar Sudan.

Tun kafin zuwan jirgin sama, hanyar hajji ta ƙasa ta Sudan take bi, kuma da yawa daga alhazan ƙasar Hausa sun yada zango a can domin neman guzuri, zangon ya zama mazauni. Bayan da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a shekarar 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'a mai yawa, Fulani da Hausawa, har suka zauna a bakin kogin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar kaɗan, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe babban shirin noman rani na Jazira, wanda daga baya, tare da ƙarin yankin Manakil, ya haura faddan miliyan 2, sai buƙatar hannun ma'aikata ta jawo ƙarin mutanenmu zuwa gonakin auduga. Wasu sun kafa ƙauyuka a bakin kogi, daga wajen Sinnar da Sinja har zuwa Rusairis da Damazin, suna noma da su. Wasu kuma suna zaune a matsugunan ma'aikatan gona da ake kira kambo, jam'insa kanabi, a gefen magudanan ruwa.

Waɗannan mutane sun ga jarrabawa a 'yan shekarun nan. A watan Yuli da na Oktoba na 2022 an yi faɗan ƙabilanci a jihar Shuɗin Nilu, a Rusairis da Wad al-Mahi da kewayensu, wanda ya ci ɗaruruwan rayuka ya kuma kori dubban iyalan Hausawa daga gidajensu. Ba a gama jinyar wannan ba sai yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojan ƙasar da dakarun RSF. Wad Madani, babban birnin Jazira, ya faɗa hannun RSF a Disamba 2023, soja suka karɓe shi a Janairu 2025. Sinja ta faɗi a Yuni 2024, aka karɓe ta a Nuwamba na wannan shekarar. A tsakanin haka, a watan Agusta 2024, ma'aikatar lafiya ta ƙasar ta ba da sanarwar ɓarkewar cutar kwalara. Iyalan da suka koma garuruwansu da yawa sun tarar an wasashe gidajen, damina kuma ta yi wa gine-ginen laka ɓarnar da ta saba yi wa gidan da babu mai kula da shi. Mutumin da ke sāke gini da ɗan abin hannunsa, a wurin da ruwan famfo bai tabbata ba kuma annoba ta riga ta ratsa, ba ya da halin yin kuskure a makewayi. Abin da ya dace da shi kuwa ya dace da mafi yawanmu a Maraɗi da Damagaram da Katsina.

Ƙasar da ake gini a kanta

Kafin a yi maganar kanta da maratayi, sai an san halin ƙasa, domin ita za ta ɗauki nauyin komai. Filin Jazira baƙar laka ce mai danƙo, irin wadda mutanen tafkin Cadi suka sani da sunan firki. Da rani takan bushe ta dare har hannu ya shige cikin tsagar. Da damina, wadda a can ake kira kharif, takan sha ruwa ta kumbura ta toshe, ruwa ya kwanta a kanta kwana da kwanaki. Wannan ƙasa albarka ce ga auduga da dawa, amma azaba ce ga magini, saboda kumburi da motsewa na kowace shekara suna tsaga bango suna kuma zubar da bakin rami.

Daga nan hukunci na farko yake fitowa: kada a aza nauyi a kan daɓen salga. Lissafin ba shi da wuya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka jarka mai lita 20 kilo 20 ce, duro mai lita 200 kuwa, wanda a Sudan ake ce wa barmil, kilo 200 ne ban da nauyin kansa, wato kamar ƙarti uku tsaye wuri ɗaya dare da rana. Wanda ya ga ɗan fili a kusurwar salga ya ce bari ya girke duro a nan domin a huta da ɗauko ruwa, ya ɗora wa bakin ramin abin da zai taimaki damina ta rusa shi. Mazaunin duro yana kan ƙasa mai ƙarfi, nesa da rami, bisa ɗan dandamalin bulo mai tsawon kamu ɗaya ko biyu, yadda za a iya sa bokiti a ƙarƙashin famfonsa.

Hukunci na biyu shi ne a raba wurin wanka da salga, ko da da guntun bango ne. Gidajen karkarar Sudan da yawa a haka suke tun asali: salga, wadda suke kira adabkhana, tana can kusurwar gida, ɗakin wanka kuma yana gefe, sau da yawa babu rufi. Hikimar ita ce ruwan wanka kada ya gangara cikin rami, domin lakar ba ta tsotse shi. Rami zai cika da wuri, gefensa ya jiƙe ya zube. Ramin da aka haƙa a kewaye, aka yi masa jeren jan bulo daga ciki, ya fi mai kusurwa huɗu jure matsin laka, kuma jan bulo ba baƙo ba ne a yankin, tun da ana gasa shi a bakin kogi. Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji ke bi ita ce rami ya nisanci rijiya ko wata maɓuɓɓugar ruwan sha da aƙalla mita 30, gindinsa kuma ya kasance sama da ruwan ƙarƙashin ƙasa da mita 1.5. Mazauna bakin kogi su ne suka fi buƙatar kiyaye wannan.

Ruwa, babban kayan ajiya

A birane masu famfo, idan ana zancen ajiya a banɗaki, tawul da turare ake nufi. A ƙauyen da ake sayen ruwa daga keken jaki ko ake ɗebo shi daga magudana, ruwa shi ne kayan da ya fi kowanne cin wuri, kuma a kansa ne lafiyar gida ta rataya.

Magudanan Jazira sun daɗe da zama matattarar ƙananan katantanwa masu ɗauke da cutar tsargiya, wadda ke sa fitsarin jini ko ta kama hanji da hanta. Ƙwayar cutar tana fita daga katantanwa ta yi iyo a ruwa, ta huda fatar mai wanka ko mai wanki ta shiga. Girman matsalar ne ya sa a 1979 aka kafa Shirin Lafiya na Shuɗin Nilu, da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya, domin yaƙar tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da cututtukan gudawa a yankin noman rani. To, abin da ya shafi zancenmu shi ne, wannan ƙwaya ba ta da tsawon rai idan ba ta sami jikin mutum ba. Ruwan da aka ɗebo aka ajiye ya kwana biyu cikin mazubi, babu katantanwa a ciki, ya kuɓuta daga gare ta ta fuskar wanka. Saboda haka mazubi biyu matsakaita sun fi babba guda ɗaya amfani: ana wanka da na shekaranjiya, na yau yana jiran lokacinsa. Mai gyaran makewayi ya auna dandamalinsa da faɗin mazubi biyu tun daga farko, ya kuma yi wa kowanne alama, ko da ƙyalle ne a hannu, don kada yara su rikita su. Ban da haka ma, makewayin da kullum akwai ruwa a cikinsa shi ne ke hana yaro cewa bari ya je magudana ya watsa.

Amma fa ajiyar ruwa tana da nata sharri. Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi, wanda ya addabi jihohin Sudan da dama tun daga 2022, a cikin ruwa mai tsabta na randa da duro yake ƙwai, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne kawai a lokacin zafi. Ƙwan yana manne wa gefen mazubi, yana jure bushewa. Don haka murfi mai kamawa wajibi ne, kuma kowane mako a juye mazubin a goge cikinsa da soso. Wannan ma dalili ne na fifita mazubin da mace ɗaya za ta iya karkatawa a kan wanda sai an kira maza. Murfin yana da wani aikin kuma da ba a cika faɗa ba: yaro mai koyon tafiya kansa yana da nauyi idan aka kwatanta da jikinsa, idan ya leƙa bokiti ya kife ciki ba ya iya fitowa, ko da ruwan bai kai rabi ba. Bokitin da aka gama aiki da shi a kife shi ko a rataye shi.

Ruwan sha kuwa ba shi da mazauni a makewayi ko kusa da shi. Randarsa, wadda a can ake kira zir, tana inuwa a ɗaya gefen gida da moɗarta ta daban. Ga ɗan abin sha'awa a nan: matan ƙauyukan bakin Nilu sun daɗe suna daka ƙwayar zogale su zuba a ruwan kogi mai laka domin ya kwanta, har masana suka yi nazarin dabarar a shekarun 1970 da 1980. Itacen da muke ci a kwaɗo ke nan. Sai dai kwantar da laka daban, kashe ƙwayar kwalara daban; wannan sai tafasawa ko ƙwayar kulorin, bisa adadin da aka rubuta a jikin takardarta, a kuma jira minti 30 kafin a sha.

Bango ya ɗauki abin da ƙasa ba za ta ɗauka ba

Mu ɗauka ɗakin wankan mita 1.2 ne a mita 1.5, wanda shi ne kusan abin da gidaje da yawa ke iya warewa. Idan aka ajiye bokiti da baho da kujerar tsuguno, wadda 'yan Sudan ke kira bambar, ƙasa ta ƙare. Duk sauran kaya sai su hau sama, kuma ko da akwai fili ma gara su hau, domin abin da ke ƙasa cikin danshi shi ne gidan kunama da kyankyaso, kuma ba ya barin tsintsiya ta kai lungu.

Kakanninmu sun riga sun warware wannan da alkuki, wato ɗan kogon da magini ke bari a jikin bango domin fitila. Alkuki ba ya cin ko taƙi ɗaya na fili, ba ya tsatsa, gara ba ta cinsa, ɓarawo ba ya cire shi ya tafi da shi. A bangon laka mai kauri, irin wanda a Sudan ake kira jalus, ana iya barin kogo mai zurfin santimita 12 zuwa 15 ba tare da an raunana ginin ba, muddin bai wuce sulusin kaurin bango ko kusa da haka ba. A bangon jan bulo kuwa sai a bar gurbin tun ana jeri, a ɗora ɗan katako ko bulo a kwance a samansa ya tallafi abin da ke bisa. Fasa bangon da ya riga ya tsage domin a yi alkuki ganganci ne. A wannan hali sai a haƙura da kanta. Gindin kogon a shafe shi da siminti, a ɗan karkata shi waje yadda ruwa ba zai kwanta ba, in ba haka ba sabulu ya narke a banza, ga shi kuwa ba arha yake ba.

Alkuki biyu sun wadatar. Na ƙasa, kamar santimita 60 zuwa 70 daga daɓe, inda hannun mai zaune a kan kujera zai kai, shi ne na sabulu da soso da dutsen goge ƙafa. Na sama, daidai kafaɗar babban mutum, shi ne na fitila ko tocila, da mataji, da asuwaki. Akwai dalilin fiƙihu da ya sa muke son sabulu ya sami gurbinsa nesa da bakin mazubi. A mazhabarmu ta Malikiyya, wadda ita ce ta mafi yawan mutanen Sudan ma, ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya sauya da wani abu mai tsarki da ba ya cikin asalinsa, kamar sabulu, yana nan da tsarkinsa amma ba a alwala ko wankan janaba da shi. Yaranmu suna karanta wannan a Ishmawi da Risala, amma a gida sai ka ga an ɗora sabulu a kan murfin duro, kumfa tana ɗiga ciki. Buta ma a ware: ta shiga salga daban, ta alwala daban, kowace da ƙusarta ko gurbinta.

Kusurwa wuri ne da ake asararsa. Guntun katako mai kusurwa uku da aka kafa a lungu yana ɗaukar garin sabulu da buroshi ba tare da ya bugi kafaɗar kowa ba. Itacen da ya fi dacewa a yankin shi ne bagaruwa, wadda suke kira sunut, mai girma a dazuzzukan bakin Shuɗin Nilu. Tsabar ƙarfinta da jurewar gara ne suka sa aka daɗe ana yin katakon shimfiɗar hanyar jirgin ƙasa da ita. Katakon kanti na garin itace da aka matse kuwa, duk kyansa a ido, damina ɗaya ta ishe shi kumbura. Gora guda, wadda ke fitowa a kudancin jihar, idan aka gitta ta daga bango zuwa bango sama da kai, ta ɗauke tufafin mai wanka da tawul gaba ɗaya, an huta da ɗora zane a kan katanga inda iska ke jefa shi gidan maƙwabta.

Ƙofa kuma a sa ta buɗe waje. Ƙofar da ke buɗewa ciki tana cinye wuri mai yawa a ɗakin da muka auna, kuma idan tsoho ya zame ko jiri ya kwashe shi ya faɗi a bayanta, jikinsa ne zai tokare ta, masu ceto su rasa hanya. Bayan ƙofar ya ɗauki ƙusoshi uku ko huɗu. A kusa da ramin tsuguno kuma a kafa wani ƙarfe ko sanda mai ƙwari a bango domin tsofaffi da masu juna biyu su kama su miƙe. Wannan ya fi kowace kanta daraja a gidan da ke da kaka.

Alƙibla da abin da ake bari a waje

Mu a ƙasar Hausa mun saba cewa gabas idan muna nufin alƙibla, har kalmomin biyu suka zama ɗaya a bakinmu. A Jazira lamarin ya sha bamban, domin Makka tana arewa maso gabas da Wad Madani da Sinnar. Hadisi ya hana fuskantar alƙibla ko ba ta baya yayin biyan buƙata. Malaman Malikiyya sun ce hanin ya shafi fili ne, an yi sauƙi a cikin gini, amma mafi yawan magidanta sun fi samun natsuwa idan aka kauce gaba ɗaya. Mai sāke gini a can sai ya juya mazaunin ƙafa ya kalli arewa maso yamma ko kudu maso gabas. Ya kamata a yanke wannan tun kafin a zuba daɓe, domin shi zai nuna inda ƙofa za ta kasance, da bangon da ya rage wa alkuki, da gefen da bututun fitar da wari zai bi. Wannan bututu, wanda aka ƙware da shi a Zimbabuwe a shekarun 1970, yana fitowa daga rami ya zarce rufi da kamar rabin mita, da raga a bakinsa mai tare ƙuda, kuma a bayan bango ake kafa shi don kada ya ci wuri a ciki.

A jikin bangon waje, dab da ƙofa, a bar wani ƙaramin alkuki na uku. Nan ne mazaunin laya da zobe mai rubutu da 'yar takardar addu'a, abubuwan da malamai suka karhanta shiga da su, da kuma wayar hannu, wadda ko ba don abin da ke cikinta ba, ramin salga ya haɗiye irinta ba adadi. A ƙarƙashinsa a rataye ƙaramar jarka mai famfo ko mai huda, da sabulu a igiya, ko toka a gwangwani idan sabulu ya yanke. Wanke hannu a bakin ƙofa, inda kowa ke gani, ya fi tabbata a kan wanda aka bar wa mutum shi kaɗai a ciki, kuma a shekarar kwalara wannan jarka ita ce kayan da ba a sassauci a kansa.

Kayan mata

Matan Sudan sun shahara da gyaran jiki, har sunayen kayansu suka shigo bakin amarenmu: dilka, halawa, humra. Akwai kuma dukhan, turaren tsuguno na matan aure, wanda ake yi a ɗan rami da aka binne tukunya a ciki, a sa garwashi da itacen talha, wato dushe, a shimfiɗa tabarma mai huda, a lulluɓa da bargo mai kauri da ake kira shamla. Ramin yana buƙatar lungunsa mai sutura da iska. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ke kisa ba tare da wari ba. Bayan an gama a kashe wutar a rufe bakin da faifan ƙarfe ko dutse saboda ƙafar yara. Itacen da bargon da tabarmar ba sa son danshi, don haka mazauninsu ɗaki ne ko ƙarƙashin rumfa. Dilka da humra ma zafi da laima suna ɓata su.

Abin da ya kamata a sama wa wuri a ɗakin wanka, wanda kunya ke hana faɗa wa magini, shi ne ƙyallen al'ada. Inda audugar kanti ta yi tsada ko ta ɓace daga kasuwa, kamar yadda ya faru a wurare da yawa lokacin yaƙi, mata da 'yan mata kan koma ga ƙyalle, su wanke su cusa a wani lungu mai duhu don kada a gani, ya kwana da danshi ya yi fumfuna. Igiya guda a cikin ɗakin wanka marar rufi, ƙasa da kan katanga kaɗan yadda rana za ta same ta ido bai same ta ba, ta magance wannan. Kusa da ita a rataye ƙaramin bokiti mai murfi wanda ba a amfani da shi don komai sai wannan. Maigida ya tambayi uwargida inda take son igiyar, ba sai ya nemi bayani ba.

Akwai kuma kayan da ba su da gurbi a makewayi ko kaɗan, kowane irin kanta aka yi. Na farko shi ne baƙin rinin da ake garwayawa da lalle domin ya kama da sauri, mai sinadarin PPD, wanda a Sudan ake kira sibga. Tun shekarun 1980 likitocin ƙasar ke rubutu a kan gubarsa: wanda ya haɗiye shi harshe da maƙogwaro kan kumbura har numfashi ya toshe, fitsari ya yi baƙi, ƙoda ta tsaya, kuma ba shi da makari. Daga cikin waɗanda ake kaiwa asibiti akwai ƙananan yara da suka tsince shi a inda aka ajiye. Wannan rini yana kasuwanninmu mu ma. Na biyu maganin ƙwarin gona, wanda a yankin auduga kusan kowane gida ya san shi, tare da jarkokinsa da aka juye. Irin wannan jarka ba ta zama ta ruwa komai wankin da aka yi mata. Na uku ruwan jabel da garin kulorin, waɗanda idan suka haɗu da ruwan wanke masai mai asid suke tayar da hayaƙi mai ƙona huhu. Tsawo kaɗai ba ya tsare waɗannan, domin yaro ɗan shekara uku ya san amfanin kifaffen bokiti; akwati mai kwaɗo ake so, a ɗaki, mabuɗi a hannun babba. Magungunan asibiti ma a fitar da su: yawancinsu an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30, alhali a watan Afrilu da Mayu zafin Jazira yana haura 40, balle a ƙarƙashin kwano.

Mazauna kanabi suna da wata matsalar ta daban, domin da yawansu ba su mallaki filin da suke zaune a kai ba, kuma makewayinsu na zana ne ko na kara. Babu bangon da za a yi wa alkuki. A nan ragaya ce ke aiki, wadda Larabawan Sudan ma suke da irinta suna kiranta mishla'ib: igiyar kaba da aka saƙa ta ɗauki ƙwarya ko roba, a rataye ta a jikin dirka. Jarkar man girki da aka yanke gefenta aka huda gindinta tana zama kanta mai tsiyayar da ruwa. Dirka biyu masu ƙwari da gora a tsakaninsu sun ɗauki duk abin da muka lissafa, kuma ranar da tashi ya kama ana kwance su cikin ɗan lokaci a ɗora wa jaki.

Aikin rami da daɓe a yi shi da rani, a gama kafin ruwan farko na Yuni ko Yuli, domin laka mai jiƙe ba ta haƙuwa kuma ba ta riƙe bulo. Daɓen wurin wanka ya gangara da santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa rariya, rariyar kuma ta kai ruwan nesa da gindin bango da bakin salga, zuwa ramin tsakuwa ko gindin darbejiya. Kafin a biya magini cikon kuɗinsa, a sa shi ya kwara bokitin ruwa guda a tsakiyar daɓen, uwargida tana tsaye, a ga inda ruwan ya nufa.